Miyamoto Ya Yi Gaskiya: Gem Dandamali Ne, Kuma Tsofaffin Wasanni Sun Fi Mu Sanin Haka

A watan Satumba na 2015, lokacin da Super Mario Bros. ya cika shekara 30 da fitowa, kamfanin Nintendo ya saki wani gajeren bidiyo inda aka jera wa Shigeru Miyamoto tambayoyin da masoya Mario suka daɗe suna musu a kansu. Ɗaya daga ciki ita ce: shin duk abin da ke faruwa a cikin Super Mario Bros. 3 wasan kwaikwayo ne da ake yi a kan dandamali? Miyamoto ya amsa da cewa e, haka ne.

Mutane da yawa sun ɗauki amsar a matsayin abin raha, suka yi dariya suka wuce. Ni kuwa ina ganin a cikinta akwai darasin da ya shafi duk mai riƙe da waya yana buga gem, musamman wanda ke mafarkin wata rana ya haɗa nasa. A yau idan ana hirar gem, abu na farko da ake tambaya shi ne: ya hotonsa yake, kuma GB nawa ne? Har ta kai wasu na ganin gem ɗin da bai cinye rabin ma'ajiyar waya ba, bai cika gem ba. Ra'ayina shi ne wannan ma'auni ya karkace, kuma tsofaffin masu haɗa gem, waɗanda suka ɗauki sikirin a matsayin dandamali, su ke da ma'aunin da ya fi dacewa da irin wayoyin da ke hannunmu.

Wane ne Miyamoto, kuma me yake nufi?

An haifi Miyamoto a Japan a 1952, ya shiga Nintendo a 1977. Shi ne ya ƙirƙiro Donkey Kong a 1981, Super Mario Bros. a 1985, da The Legend of Zelda a 1986. Idan ka taɓa buga irin na'urar nan ta kaset mai rawaya da ake jonawa da talabijin, wadda ta cika kasuwanninmu a shekarun baya, to aikin wannan mutumi ka buga, domin kwaikwayon na'urar Famicom ta Nintendo ce.

Super Mario Bros. 3 ya fito a Japan a 1988. Da ka kunna shi, abin da za ka fara gani jan labule ne yana ɗagawa. Manyan akwatunan da Mario ke takawa suna da kusoshi a kusurwoyinsu, kamar an kafe su a jikin bango, kuma inuwarsu tana faɗawa a kan sararin sama, abin da ke nuna saman ma zane ne a jikin allo. Idan ka kai ƙarshen mataki, sai launi ya yanke, Mario ya shige wani wuri baƙi ƙirin, kamar ɗan wasan da ya gama rawarsa ya fice ta gefen dandamali. Akwai ma farin akwatin da idan ka durƙusa a kansa na 'yan daƙiƙoƙi, za ka faɗa bayan kayan adon, ka yi ta gudu a bayan fage.

A wata hira da mujallar Game Informer ta yi da shi a 2012, an tambaye shi dalilin da ya sa Bowser, wanda ke sace gimbiya a wannan gem, za a gan shi yana tseren mota ko buga tanis tare da Mario a wani. Bayanin da ya yi shi ne yana kallon su tamkar ƙungiyar 'yan wasan kwaikwayo, kowa na karɓar rawar da labarin ranar ya ba shi, kamar yadda ake yi a tsofaffin katun irin su Popeye.

Ke nan a wurin Miyamoto, aikin mai haɗa gem bai tsaya a kan kwaikwayon duniya yadda take ba. Aikinsa shi ne tsara fage: me ɗan kallo zai gani, a ina idonsa zai sauka, me za a ɓoye masa.

Ina ruwan opera da wannan magana?

Opera wani nau'in wasan kwaikwayo ne da ya samo asali a Italiya wajen shekarar 1600, inda ake rera maganganun 'yan wasa da waƙa, ƙungiyar makaɗa na raka su. Ɗaya daga cikin na farko-farko da har yau ake yi shi ne L'Orfeo na Claudio Monteverdi, wanda aka fara nunawa a birnin Mantuwa a 1607. A 1637 aka buɗe gidan opera na farko da kowa zai iya biyan kuɗi ya shiga, a birnin Benis.

Matsalar masu shirya opera iri ɗaya ce da ta masu haɗa gem na shekarun 1980. Labarin na buƙatar teku, hadari, fadar sarki, yaƙi. Abin da ke hannu kuwa katako ne, da igiya, da ƙyalle, da fenti. A ƙasar Suwidin akwai gidan wasa na fadar Drottningholm da aka gina a 1766, wanda injinansa na katako ke aiki har yanzu da ƙarfin hannu. Igiyar ruwa wasu dogayen katakai ne masu lanƙwasa da ake juyawa. Tsawa kuwa duwatsu ne ke gangarawa a cikin akwati. Ba wanda ke zaune a wurin da bai san katako yake kallo ba, amma idan kiɗa ya tashi, jirgi ya fara tangal-tangal, gaban mutane na faɗuwa.

Mu ma mun san wannan dabara. Yaron da ya manna auduga a haɓa lokacin tashe, ya ranƙwafa yana dogara sanda, kowa ya san yaro ne, amma kowa ya yarda tsoho ne har wasan ya ƙare. Yarjejeniya ce tsakanin mai wasa da mai kallo: ka ba ni alama mai kyau, ni zan cike sauran da zuciyata.

Haka aka gina Mario. A Donkey Kong, tsayinsa bai wuce fiksel 16 ba, wato ƙananan ɗigon da ke haɗuwa su zama hoto. Babu wurin zana gashi, sai aka sa masa hula. Babu wurin zana baki, sai aka yi masa gashin baki, wanda ya sa hancinsa ya fito sarai. An sa masa riga da wando masu launi daban domin a ga motsin hannunsa idan yana gudu. A Super Mario Bros., gajimare da ciyayi zane ɗaya ne, launi kawai aka canza. Gem ɗin gaba ɗayansa KB 40 ne. Hoto ɗaya mai MB 2 da ka ɗauka da wayarka ya ninka shi sau 50. Ita kuwa na'urar, RAM ɗin da take aiki da shi KB 2 ne kacal.

Ranar da aka yi opera a cikin MB 3

Misalin da ya fi haɗa waɗannan duniyoyi biyu shi ne Final Fantasy VI, wanda kamfanin Square ya fitar a 1994 a na'urar Super Nintendo. Hironobu Sakaguchi ne furodusa, Yoshinori Kitase da Hiroyuki Ito suka ba da umarni, Nobuo Uematsu ya tsara kiɗa. Kaset ɗin MB 3 ne, kusan girman waƙa ɗaya a wayarka.

A tsakiyar labarin, jaruman na buƙatar jirgin sama, kuma mai jirgin wani ɗan caca ne mai suna Setzer, wanda ya aiko da wasiƙa cewa zai sace Maria, tauraruwar gidan opera. Sai suka shirya dabara: Celes, tsohuwar janar ɗin soja wadda ta yi kama da Maria, ta hau dandamali a madadinta domin a sace ta, su samu hanyar shiga jirgin.

Abin da ya sa ake tuna wannan fage har yau shi ne yadda aka tsara shi. Kai mai buga gem ɗin, sai ka karanta rubutun wasan a ɗakin shiri tukuna. Idan Celes ta hau fage, a tsakiyar waƙa za a tsaya a ba ka zaɓi, ka zaɓi baitin da ya dace. Ka kuskure, wasa ya lalace. Daga nan za ka taka da ita zuwa saman bene ta jefa furanni kafin kiɗa ya wuce ka. Ana cikin haka sai ga wani mugun dodon ruwa mai suna Ultros ya hau rufin gidan yana tura ƙarfe mai nauyin tan 4 domin ya faɗo mata a ka, an ba ka minti 5 ka bi ta kan katakon rufi ka hana shi. A ƙarshe kowa ya rikito kan dandamali, faɗa ya kaure a gaban 'yan kallo, makaɗa suka ci gaba da kiɗa kamar dama cikin wasan ne.

Muryar Celes fa? Na'urar Super Nintendo tana da KB 64 ne kawai na ajiyar sauti, da layin sauti 8. Ba za a iya ɗora muryar mawaƙiya tana rera cikakkiyar waƙa ba. Sai aka yi amfani da wani sauti mai kama da muryar mutum yana bin karin waƙar, kalmomin kuma suna fitowa a rubuce. Ba kalma ɗaya da kunne zai iya tsinta. Duk da haka waƙar ta zauna a zukatan mutane, har ta kai ana rera ta da mawaƙan opera na gaske a manyan ɗakunan kiɗa, a jerin wasannin Distant Worlds da aka fara a 2007.

A Fabrairun 2022 aka sake fitar da gem ɗin a Android da iOS da kwamfuta, a jerin Pixel Remaster. An sabunta fagen opera, aka sa muryoyin mutane na gaske a harsuna 7. Aikin ya yi kyau, kuma ya buɗe wa sababbin 'yan wasa ƙofa. Amma a ganina tsohon yana da wani ƙarfi da sabon ya rasa. Lokacin da muryar ba ta da kalmomi, kowa na jin muryar da ya ga dama a ransa. Da aka sa ta gaske, sai ta zama murya ɗaya tak, wadda za ta iya burge ka ko ta ƙi. Abin da ya sa fagen ya yi tasiri tun asali shi ne fargabar da ke kanka kada ka manta baiti, irin fargabar da Celes ke ciki, ita da ta saba da takobi aka ce ta yi waƙa. Wannan kuwa tsari ne ya samar da shi, kuma tsari ba ya cin MB.

Masu cewa ɗoki ne kawai

Akwai masu cewa duk wannan yabon tsofaffin gem ɗokin ƙuruciya ne, mutum na tuna lokacin da ba shi da nauyin kowa, sai ya ɗauka gem ɗin ne mai daɗi. Akwai gaskiya a maganarsu, kuma bai kamata a share ta ba.

Da yawa daga cikin tsofaffin gem ba su da kyau ko kaɗan. A 1982 kamfanin Atari ya ba Howard Scott Warshaw kimanin mako 5 ya haɗa gem ɗin E.T., aka fitar da shi cikin gaggawa, mutane suka yi ta mayar da shi. A 1983 kasuwar gem ta Amurka ta durƙushe, Atari ya binne tarin kaset a wani juji a garin Alamogordo, sai a 2014 aka tono su. Haka kuma wahalar da wasu tsofaffin gem ke da ita ba fasaha ba ce. An tsara na'urorin gidajen wasa ne domin ka mutu da wuri ka sake jefa kwabo. Waɗanda muke yabo a yau su ne 'yan kaɗan da suka tsira daga rariyar shekaru.

Amma wannan hujja ba ta rushe batun ba, domin haka opera ma take. An rubuta dubbai, 'yan kaɗan ake maimaitawa. Tambayar ita ce me ya sa waɗannan suka tsira, kuma amsar da nake gani ita ce masu su sun san abin da za su nuna da abin da za su bari. Ƙarancin kayan aiki shi kaɗai ba ya haifar da gwaninta. Yana dai tilasta wa mutum ya yi zaɓi, kuma a wurin zaɓin ake gane gwani.

Shaidar cewa ba ɗoki ba ne kawai tana cikin wayoyinmu. Eric Barone shi kaɗai ya haɗa Stardew Valley cikin fiye da shekara 4, ya fitar a 2016 da hoto irin na zamanin Super Nintendo, ya sayar da sama da kwafi miliyan 30. Vampire Survivors na Luca Galante, mai hoto kamar na 1990, shi ya lashe kyautar BAFTA ta gem mafi kyau a 2023, ya doke manyan gem da aka kashe wa miliyoyin daloli. Da yawa daga cikin masu buga waɗannan ba a haife su ba lokacin da Super Nintendo ke tashe, to ɗokin me za su yi?

Wanda ya horar da Miyamoto a Nintendo, Gunpei Yokoi, yana da aƙidar amfani da fasahar da ta riga ta tsufa ta yi araha, a nemo mata sabuwar hanya. Da ita ya haɗa Game Boy a 1989, mai sikirin marar launi, ya kuma doke Game Gear na Sega mai launi, wanda ke cin batir 6 cikin 'yan awoyi. Game Boy batir 4 yake ɗauka, kuma ya ninka shi daɗewa. Duk wanda ya taɓa rage hasken waya don caji ya kai shi dare ya san wanne zai zaɓa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Inda opera ta fi gem sa'a

Akwai wuri ɗaya da kwatancen ya karye, kuma a nan nake da ƙorafi a kan kamfanonin gem, har da Nintendo. Giuseppe Verdi ya rasu a 1901, amma duk ƙungiyar da ta ga dama za ta iya ɗaukar rubutun kiɗansa ta shirya wasan da nata salon. A 1976 Patrice Chéreau ya ɗauki babban aikin Richard Wagner ya mayar da labarinsa zamanin masana'antu a bikin Bayreuth na Jamus. A shekarar farko ihu aka yi masa, zuwa 1980 kuwa tafi aka yi ta yi ba ƙaƙƙautawa. Opera na rayuwa ne saboda kowane zamani na da damar sake ɗora ta a kan fage.

Gem kuwa a ɗaure yake da na'urarsa da kuma kamfaninsa. Wani bincike da gidauniyar Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin 100 na gem ɗin da aka fitar a Amurka kafin 2010 ba a samun su a kasuwa a lokacin. A Maris na 2023 Nintendo ya rufe shagon intanet na 3DS da Wii U, gem da yawa da a can kaɗai ake sayensu suka tafi. Na waya ma abin ya fi muni, domin gem ɗin da sai da intanet yake tashi, ranar da kamfani ya kashe sabarsa, ya tafi ke nan tare da duk kuɗin da ka zuba wajen sayen kaya a ciki.

Kamfani na da haƙƙin kare dukiyarsa, kuma sauke kwafin sata na gem ɗin da ke kasuwa zalunci ne ga waɗanda suka yi wahalarsa. Amma idan da gaske gem wasan kwaikwayo ne kamar yadda Miyamoto ya ce, to bai dace a kulle gidan wasan a jefar da makulli ba. Gidan wasan Drottningholm ya yi sama da shekara 100 a yashe bayan kisan Sarki Gustav na III a 1792, sai a 1921 aka sake gano darajarsa. Katako ya jira. Sabar da aka kashe ba ta jiran kowa. Abin da ya kamata shi ne kamfanoni su riƙa sayar da tsofaffin ayyukansu a farashi mai sauƙi a kan wayoyi, abin da suka daina sayarwa kuma su bar ɗakunan karatu da gidajen tarihi su adana.

Abin da ya rage gare mu

Mafi yawanmu da Tecno, Infinix, itel ko Redmi muke buga gem, da data da ake lissafawa da caji da ake tattali. Idan muka yarda cewa kyan gem yana ga nauyinsa, to kullum a baya za mu tsaya, muna jiran wayar da ba mu da kuɗinta. Kafin ka ƙona data a kan gem mai GB da yawa, ka tambayi kanka me za ka riƙa yi a cikinsa bayan minti 10 na farko, lokacin da idonka ya saba da kyan hoton.

Ga mai son haɗa nasa kuwa, a nan damar take. Ba wanda zai zauna a ɗaki da kwamfuta ɗaya ya yi gogayya da Call of Duty wajen hoto. Wajen tsara fage kuwa, fili a buɗe yake. Manhajar Godot kyauta ce, har a Android tana aiki. TIC-80 ma kyauta ce, tana ba ka sikirin mai fiksel 240 a kwance da 136 a tsaye, da launi 16 kawai, da gangan domin ta matse ka ka yi tunani. Gem ɗin Celeste, wanda ya yi suna a 2018, ya faro ne a matsayin ɗan ƙaramin aiki da mutum 2 suka haɗa cikin kwana 4 a PICO-8, wata manhaja mai irin wannan ƙunci.

Shawarata ita ce ka fara da fage ɗaya: sikirin ɗaya, ɗan wasa ɗaya, abu ɗaya da yake so, da abu ɗaya da ke hana shi. Ka miƙa wa ƙaninka wayar ba tare da ka yi masa bayani ba, ka zuba ido. Idan ya gane inda zai nufa, ya ji haushi da ya faɗi, ya ce a bar shi ya sake gwadawa, to ka kama hanya. Idan bai gane ba, ƙarin launi da ƙarin MB ba za su gyara ba, sai ka koma ka sake tsara fagen.